Yadda Ake Shirya Kulob Ya Samu Lasisin Shiga Gasar Firimiyar Najeriya, da Abin Yi Idan An Hana Shi

Ranar da ƙungiya ta ci wasanta na ƙarshe a gasar NNL, wato rukuni na biyu, ta haura Firimiya, gari kan ɗauka an gama. Masu Adaidaita Sahu su cika titi da ham, a zagaya da 'yan wasa, washegari a kai su gidan gwamnati a ɗauki hoto. Mutum ɗaya ne ba ya runtsawa a wannan dare, shi ne sakataren kulob, domin ya san maki ya kawo su bakin ƙofa ne kawai. Makullin ƙofar yana cikin wani fayil da ya kamata a ce an fara haɗa shi tun shekara guda baya.

Wannan fayil shi ne na neman lasisi. Wannan rubutu na mai kulob ne, da sakatare, da duk wani magoyin baya da ke son ya fahimci dalilin da ya sa wata ƙungiya kan ci wasa a fili sannan a ce ba za ta buga ba.

Ga tsarin a taƙaice. Gasar Firimiya, wato NPFL, ƙungiyoyi 20 ne, huɗu kan faɗa gasar 'yan dagaji, wato NNL, duk kaka, huɗu su hauro daga can. Ƙasa da NNL akwai NLO, rukuni na uku, ƙasa da ita kuma gasannin jihohi. Lasisin kulob kuwa daga Turai ya faro: hukumar UEFA ta soma aiki da shi a kakar 2004/05, FIFA ta mayar da shi dokar duniya daga 2008, ita kuma CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta fitar da sabon kundinta a 2022 tare da manhajar intanet mai suna CLOP da ake loda takardu a cikinta. A Najeriya hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ce mai bayar da lasisin. Na kaka ɗaya ne, yana mutuwa da ƙarewarta, kuma ba a miƙa wa wani.

Mataki na farko: nemi kundin bana da jadawalin wa'adi

Kada ka dogara da abin da wani tsohon jami'i ya gaya maka a majalisa, ko kwafin da ya kwana shekara uku a durowa. Rubuta wa sashen lasisi na NFF da ofishin gasar takarda, ka nemi kundin ƙa'idojin kakar da za a shiga da ranakun rufe karɓar takardu. Adadin kuɗi da na kujeru da ranaku kan sauya.

Idan kundin ya zo hannu, za ka ga sharuɗɗan sun kasu gida biyar: na wasa, na fili, na ma'aikata, na shari'a, da na kuɗi. Kowane sharaɗi kuma yana da harafi a gefensa. Mai harafin A dole ne, in babu shi babu lasisi. Mai harafin B shi ma wajibi ne, amma rashinsa tara ko gargaɗi yake jawowa, ana iya ba ka lasisin. Mai harafin C shawara ce ta kyautata aiki. Ɗauki jan biro ka ja layi a ƙarƙashin duk wani A. Kulob mai ƙaramin ƙarfi da ya kashe kuɗinsa wajen cika C alhali akwai A a buɗe, ya sayi labule ne ɗakin babu ƙofa.

Ka kuma san masu hukunci. Kwamiti biyu ne: na farko da ke duba takardu ya ce an bayar ko an hana, sai na ɗaukaka ƙara. Doka ta ce su zama masu zaman kansu, mutum ɗaya ba ya zama a duka biyun, kuma wanda ke da alaƙa da wani kulob mai nema ba ya sa baki a shari'arsa. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Mataki na biyu: kulob ya zama mutum a idon doka

Wa ke neman lasisin? Tambayar kamar wasa, amma a nan ƙungiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Dole mai nema ya kasance yana da rajista da sunansa, wanda za a iya kai shi ƙara, shi ma ya iya kai wa. A Najeriya wannan na nufin takardar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, da kundin tsarin kamfanin, da sunayen daraktoci da masu hannun jari, da lambar biyan haraji, da asusun banki mai sunan kulob ɗin kansa. Ba asusun shugaba ba, ba na ma'aikatar wasanni ba. Ka tabbata an biya rahoton shekara-shekara na CAC, domin kamfanin da ya yi shekaru bai sabunta ba zai fito a shafinsu a matsayin wanda ba ya aiki, kuma nan kwamiti zai fara leƙawa.

Galibin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Niger Tornadoes, Nasarawa United, Plateau United. Matsalarsu ita ce sau da yawa takarda tana cewa kamfani ne, amma a aikace wani sashe ne na ma'aikata, ana naɗa shugabanni da sanarwar rediyo, a sauke su da wata. Idan an yi irin wannan sauyi, a gaggauta gyara sunayen a CAC. Mutumin da ya sa hannu a takardar neman lasisi dole ya kasance cikin waɗanda rajista ta san da su.

Akwai kuma takardar bayyana mamallaki, wadda ake rantsuwa cewa mai wannan kulob ba shi da iko a wani kulob da ke gasa ɗaya da shi. Kada ka ɗauke ta wasa. A 2024 ƙungiyar Beyond Limits ta Ikenne a jihar Ogun ta haura Firimiya da guminta, amma mai ita, Kunle Soname, shi ne mai Remo Stars da ke cikin gasar tuni. Ba ta buga ba. A waje ma haka ne: an cire Club León ta Meziko daga gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a 2025 saboda mamallakinta ɗaya da Pachuca, an kuma sauko da Crystal Palace ta Ingila daga gasar Europa zuwa Conference da ke ƙasa da ita a shekarar saboda wani mai hannun jarinta yana da iko a Lyon ta Faransa. Dalilin dokar a fili yake. Idan ƙungiyoyi biyu na mutum ɗaya suka haɗu a makon ƙarshe, ɗaya na neman kofi ɗaya ba ta da abin rasawa, wa zai yarda da sakamakon?

Mataki na uku: kuɗi, inda gizo ke saƙa

A nan zan daɗe, domin a nan ake faɗuwa.

Abu na farko, rahoton kuɗi na shekarar da ta gabata wanda akanta mai zaman kansa ya bincika ya sa hannu, mai rajista da ɗaya daga ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN. Akantan kulob ba ya binciken kansa. Shi mai binciken ba zai iya ƙirƙiro lissafi daga iska ba, saboda haka aikin yana farawa ne tun wasan farko na kakar da kuke ciki: kuɗin tikiti na kowane wasa a rubuta a kai banki, kuɗin man mota da na otal a karɓi rasit, kyautar da wani attajiri ya bayar a ɗakin sauya kaya ita ma a shigar da ita littafi. Na taɓa zama da wani ma'ajin kulob da ya kawo lissafin kaka guda cikin leda, rabinsa a bayan takardun biredi. Mutumin kirki ne, bai ci ko sisi ba, amma sai da aka yi wata biyu kafin a fitar da abin da za a iya sa wa hannu, wa'adi kuwa ba ya jiran kowa.

Abu na biyu, kuma mafi nauyi: kada a bi ku bashin da lokacin biyansa ya wuce. Bashin iri uku ne. Na ma'aikata, wato 'yan wasa da masu horarwa da sauransu, har da waɗanda suka bar kulob ɗin. Na wasu ƙungiyoyi, wato ragowar kuɗin sayen ɗan wasa. Sai na hukumomin haraji da fansho. Mutane kan manta da na farkon, su ɗauka ɗan wasan da aka sallama bara ya tafi da haƙƙinsa. Bai tafi da shi ba. Kwantiraginsa yana nan a ofishin gasa, kuma takarda ɗaya daga gare shi ta isa ta tsayar da fayil ɗinku.

Ga yadda ake share wannan. Jera sunan duk wanda ya yi wa kulob aiki a kaka biyu da suka wuce. A gaban kowane suna rubuta abin da kwantiragi ya ce, da abin da aka biya, da hujjar biyan. Albashi, kuɗin sa hannu, ladan cin wasa idan yana cikin yarjejeniya, duka. Wanda aka gama da shi ya sa hannu a takardar cewa ba ya bin komai. Wanda yake bin ku saura kuma babu kuɗin a ƙasa, a zauna da shi a rubuta yarjejeniyar ɗage biya da ranaku, ɓangarori biyu su sa hannu. Bashin da aka ɗage da yardar mai shi a rubuce ba a lissafa shi a matsayin wanda ya wuce lokaci. Haka ma wanda ake shari'a a kansa da gaske a gaban hukumar da ta dace. Abin da ba ya karɓuwa shi ne "ai mun yi magana da shi, ya ce ba komai."

Kuma a daina biyan albashi a hannu. Na san akwai daɗi shugaba ya shigo sansani da jaka ya raba, yara su yi ta "sai oga", amma ranar da rigima ta tashi babu abin nunawa. Ta banki, da sunan kowa, da bayanin watan.

Ka san makaman da ke hannun ɗan wasa. Dokar FIFA kan matsayi da sauya sheƙar 'yan wasa ta ba shi damar soke kwantiragi idan aka riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba kulob wa'adin kwana 15 a rubuce. Idan kuwa baƙo ne, ɗan Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Togo, kai tsaye FIFA zai nufa, kuma kulob ɗin da ya ƙi biyan abin da aka yanke ana hana shi rajistar sabbin 'yan wasa har tsawon kasuwar musaya uku. A zamanin kamfanin LMC da ya gudanar da gasar har zuwa 2022, mafi ƙarancin albashin ɗan wasan Firimiya naira 150,000 ne a wata. Nemi adadin bana ka lissafa shi sau yawan 'yan wasanka sau wata 12 kafin ka ce kana son haurawa.

Abu na uku, kasafin kakar da za a shiga, da hujjar inda kuɗin zai fito. Idan gwamnati ce, takardar amincewa a rubuce. Idan ɗan kasuwa ne ko kamfani, yarjejeniyar ɗaukar nauyi mai sa hannu. Alkawarin baki a wurin walima ba ya shiga fayil.

Mataki na huɗu: fili

Ba dole fili ya zama naku ba, amma dole ku nuna takardar da ta ba ku ikon amfani da shi duk kakar. Yawancin filayenmu na gwamnati ne, kamar Sani Abacha a Ƙofar Mata, Muhammadu Dikko a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Pantami a Gombe, saboda haka yarjejeniyar da ma'aikatar wasanni ake yi. A sa a ciki cewa ba za a ba da filin ga taron siyasa ko biki a ranakun wasa ba, kuma a faɗi wanda zai gyara ciyawa idan an yi.

Kafin masu duba fili su zo, ka zagaya da kanka da kundin a hannu kamar kai ne baƙon. Ciyawa, ta ainihi ce ko ta roba, a miƙe take ko ta yi ramuka? Akwai katangar da ta raba 'yan kallo da fili? Ɗakunan sauya kaya na ƙungiyoyi biyu da na alƙalan wasa, akwai ruwa a famfo, bayi yana aiki? Daga ɗakin alƙalai zuwa fili akwai hanyar da ɗan kallo ba zai iya tare su ba? Ƙofofin fita nawa ne, kuma waje suke buɗewa? Ɗakin duba marasa lafiya, wurin 'yan jarida, dandamalin kyamara, fitilu da janareta idan za a yi wasan dare. Rabin abin da ke kayar da fili ba na miliyoyi ba ne. Famfo ne, da kwaɗo, da ƙyauren da ya karye.

Ka kuma ajiye sunan fili na biyu da yarjejeniyarsa. Kano Pillars ta yi kakar 2020/21 tana karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna. El-Kanemi ta yi shekaru tana wasannin gida a Kano da Katsina lokacin da rikicin Boko Haram ya hana wasa a Maiduguri. Idan wannan ya samu manya, ƙaramin kulob ba shi da dalilin ɗauka ba zai same shi ba.

Mataki na biyar: ma'aikata da lafiya

Ana son ofishi mai adireshi, da mutane masu takardar ɗauka aiki: babban manaja, jami'in kuɗi, jami'in tsaro, jami'in yaɗa labarai, likita, mai gashin ƙashi da tausa na zamani, babban koci da mataimakansa. Kowa da kwafin shaidar karatunsa. Ga wanda ke hangen gasar Afirka, CAF ba ta barin babban koci ya zauna a benci sai da lasisinta na matakin A ko wanda ya fi shi, don haka idan kocin da ya hauro da ku bai da shi, a tura shi kwas tun yanzu maimakon a ari sunan wani a liƙa.

Batun lafiya kuwa ba na cika fom ba ne. Ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafiya ana wasa da Katsina United, ya rasu. Rahotannin ranar sun ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Duk wanda ke ƙorafin cewa sharuɗɗan lasisi sun yi yawa, ya tuna da wannan rana. A yi wa kowane ɗan wasa gwajin zuciya kafin kaka, a yi masa inshora, a sayi na'urar farfaɗo da bugun zuciya a koya wa mutum biyu ko uku aiki da ita, motar asibiti kuma a tayar da ita a gaban kwamishinan wasa kafin a busa usur.

Mataki na shida: yara da mata

Ana buƙatar ƙungiyoyin matasa masu rajista da tsarin horar da su a rubuce, har da yadda karatunsu ba zai tsaya ba. Kundin CAF na 2022 ya ƙara da cewa kulob mai shiga gasar Afirka ya mallaki ƙungiyar mata, ko ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wata da ke akwai. A Arewa hanya ta biyu ta fi sauƙi. Game da yaran, abu ɗaya zan ce: a yi rajistarsu da shekarunsu na gaskiya, domin wannan rajistar ce za ta kawo muku kuɗin horarwa ranar da yaron ya sa hannu a Turai.

Mataki na bakwai: miƙa fayil

Miƙa da saura mako biyu, don idan an ce wata takarda ba ta fito ba a samu damar gyarawa. Abin da aka loda ta intanet a ɗauki hoton shafin da ke nuna rana da lokaci. Abin da aka kai da hannu a yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Duk wata magana da jami'i ya faɗa maka ta waya, ka bi ta da saƙon imel: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana yau, ka ce..." Babban kulob yana da wanda zai ɗaga masa waya. Kai hatimin nan ne gatanka.

To, shin dokokin nan adalci ne?

Ra'ayina shi ne yawancinsu adalci ne a rubuce, kuma talaka suke karewa: ɗan wasan da ake riƙe wa albashi, da ɗan kallon da katanga za ta iya faɗo wa. Inda zalunci ke shigowa wuri biyu ne, wajen auna sharaɗi da ƙarfin mai nema, da wajen aiwatarwa.

Dubi Luzenac, wani ƙauye a kudancin Faransa da mutanensa ba su kai dubu ba. A 2014 ƙungiyarsu ta zo ta biyu a rukuni na uku, ta cancanci hawa rukuni na biyu. Aka fara hana ta da hujjar kuɗi, da ta wanke kanta aka koma kan fili, ta nemi aron fili a birnin Toulouse, aka yi ta shari'a har kaka ta fara babu ita. Ƙarshenta rukuni na bakwai ta koma. A shekarar kuma Eibar ta Sifaniya, wadda ba a bin ta bashi, ta lashe rukuni na biyu, sai doka ta ce sai ta ƙara jarin kusan yuro miliyan 1.7 ko a mayar da ita baya, saboda ana auna jarin ne da abin da sauran ƙungiyoyi ke kashewa. Wato an hukunta ta don ta iya tattali. Ta sayar da hannun jari ga magoya baya a ƙasashe da dama ta tsira. Abin mamaki, a 2015 ta ƙare a cikin masu faɗuwa, sai aka kori Elche saboda bashin haraji, Eibar ta zauna. Dokar kuɗin da ta kusa kashe ta bara ita ta cece ta bana.

A gida, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cinikin gurbi. Gurbin da Beyond Limits ta bari a 2024, Heartland ta Owerri ce ta shige shi, alhali a kakar ta faɗi. Kafin nan Delta Force ta karɓi gurbin Kada City ta Kaduna a 2019, daga baya Kwara United da ta faɗi ta karɓa daga hannunta. Ƙa'idar FIFA ta ce shiga gasa ya dogara da abin da aka yi a fili kafin komai, ta kuma hana sauya suna ko mazauni ko hannun jari don a samu gurbin da ba a ci ba. An rubuta ta ne bayan abin da ya faru a Sifaniya a 2007, lokacin da wani attajiri ya sayi Ciudad de Murcia ya kwashe ta zuwa yankin Granada ya sauya mata suna. Idan gurbi ya zama fanko, wanda ya fi cancanta shi ne na biye a teburin NNL. Shi ya yi tafiyar, shi ya sha rana.

Sai bambancin da kowa ya sani. Kulob ɗin gwamnati kan shiga kaka da bashin watanni a wuyansa a ce za a duba, na ɗan kasuwa kuwa a tsare shi kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa mai zaman kansa ba zai iya ba: Remo Stars ta lashe gasar a 2025 a filin da mai ita ya gina.

Idan aka hana ka, yi wa hukuncin tambaya uku. An sanar da sharaɗin kafin a fara kaka, ko bayan an ga waɗanda suka hauro aka fito da shi? An auna kowa da mudu ɗaya? Sannan hukuncin ya yi daidai da girman laifin, ko an yanke hannu ne saboda ƙaiƙayin yatsa? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, kana da ƙara.

Mataki na takwas: ɗaukaka ƙara

Nemi hukuncin a rubuce, da dalilansa da lambar sashen da aka dogara da shi. Doka ta ba ka wannan. Daga ranar da ya iso hannunka wa'adi ya fara tafiya, kuma kwanaki ne ƙalilan, duba kundin ka ƙirga. Wanda ya makara da yini ɗaya ba a ma buɗe fayil ɗinsa.

Takardar ƙarar ta zama gajera. Sashe kaza ya ce kaza, mun cika shi ranar kaza, ga hujja mai hatimi. Idan sharaɗin B ne aka hana ku lasisi a kansa, faɗi haka a layin farko. Idan akwai kulob ɗin da aka bari da irin naƙasunku, kawo sunansa da shaida, ba jita-jita ba. Idan a kwamitin akwai mai alaƙa da ƙungiyar da za ta ci gajiyar faɗuwarku, nemi ya janye, a rubuce, kafin zama. A biya kuɗin ƙara a liƙa rasit. A ɗauki lauya wanda ya san dokar wasanni, domin lauyan da ya ƙware a rikicin filaye da gado zai iya kai ku inda bai kamata ba.

Inda bai kamata ba kuwa shi ne kotun gari. Dokokin FIFA da na NFF sun hana kai rigimar ƙwallo can, kuma kun sa hannu a kan haka cikin fayil ɗinku. A Yulin 2014 FIFA ta dakatar da Najeriya baki ɗaya bayan umarnin wata kotu a Jos da ya taɓa shugabancin NFF. Idan hanyoyin cikin gida sun ƙare, sai Kotun Sauraron Ƙararrakin Wasanni ta CAS da ke Lausanne a Suwizalan, wadda wa'adinta na asali kwana 21 ne. Da kuɗin waje ake shari'a a can, kuma kaka ba ta tsayawa jiranku, saboda haka a nemi umarnin wucin gadi tare da ƙarar. Zuga magoya baya su tare hanya ko su yi zagi a rediyo ba ya ƙara wa ƙara nauyi, sai dai ya jawo sabuwar tuhuma.

Bayan an samu

Ana iya ƙwace lasisi a tsakiyar kaka idan wani sharaɗi ya rushe, kuma wajibi ne ku sanar da hukuma duk wani babban sauyi, na mamallaki ko na fili. Rikicin 'yan kallo kaɗai ya isa ya rusa aikin shekara: an cire wa Kano Pillars maki a 2022 bayan abin da ya faru a wasanta da Katsina United, kuma a kakar ta faɗi, ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau huɗu. Giwa FC ta Jos kuwa a Mayun 2016 aka kore ta daga gasar saboda ta ƙi halartar wasa uku. Maganar ta je kotu, aka yi ta ja-in-ja, kakar ta ƙare ba ta dawo ba.

Saboda haka kafin a buga wasan farko, buɗe jadawali ka ware wasannin waje 19. Rubuta nisan kowanne, daga garinku zuwa Uyo, Fatakwal, Aba, Ikenne, da kwana nawa za a yi a hanya, da kuɗin mai da otal da abinci na mutum talatin da wani abu. Wannan kuɗin a zuba shi a asusu dabam wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake taɓawa, kuma kada a ciri ko kwabo daga cikinsa don sayen ɗan wasa.